Jango, Makaɗin Jita Mai Yatsa Biyu

A shafin nan an saba ba mu labarin sarakuna da manyan malamai da masu binciken ƙasashe. Ni kuwa yau labarin makaɗi na kawo, wani mutumin Faransa wanda ya rasu tun 1953. Turawa suna rubuta sunansa Django Reinhardt, mu kuwa sai mu ce Jango don sauƙin baki. Amma kafin in shiga labarinsa ya kamata in faɗi yadda aka yi na san shi, gama ta wurin abin kunya biyu ne da suka same ni.

Na fari ya faru sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa bara. Na tafi da jita, ran Jumma'a kuwa na kan bar yara su riƙe ta bi da bi. A ajin akwai wani yaro wanda ya faɗa wuta yana ƙarami, lokacin ɗari, har yatsa biyu na hannunsa na hagun suka ƙage. Da layi ya zo kansa sai na tsallake shi, na miƙa masa gwangwani mai tsakuwa ya riƙa kaɗawa. A ganina tausayi na yi masa, don kada ya kasa 'yan'uwansa su yi masa dariya. Yaron bai ce kome ba, ya karɓi gwangwaninsa ya koma ya zauna.

Na biyu kuwa a ɗakin kiɗa na kwalejin nan ne. Tun muna makarantar mishan aka koya mana do, re, mi, na kuma iya haɗi uku a jita, watau C da F da G. Haɗi shi ne murya uku ko fiye da a kan kaɗa gaba ɗaya. Da ukun nan mutum ya kan raka kusan dukan waƙoƙin da mu ke yi, har na fara ganin kaina gwani. Ran nan malaminmu ya ba ni wata waƙa, na tarar an rubuta C da 'yar alamar tarawa a gefenta. Ya ce wannan shi ne Turawa ke kira ogmanted, watau haɗin da aka yi wa ƙari.

Ga yadda abin ya ke. A wuyan jita akwai gaɓoɓi kamar na rake, in ka hau gaɓa 12 sai muryar da ka fara da ita ta komo, amma a sama. A haɗin C na kullum akwai do da mi da so. Daga do zuwa mi gaɓa 4 ne, daga mi zuwa so gaɓa 3, daga so zuwa do na sama gaɓa 5. To, in ka ɗaga so gaɓa ɗaya sai ya zama se, rabon kuwa ya zama 4, 4, 4. Tun da ya ke duk tsakaninsu daidai ne, kunne ba ya gane wace murya ce uwar gida, sai ya ji kamar an yi tambaya ba a ba da amsa ba. Amfaninsa ke nan. A kan sa shi tsakanin C da F, don so ya hau zuwa se, se kuma ya hau zuwa la, kamar mai taka tsani.

Wannan bayani na gane shi sarai, gama lissafi ne. Amma hannuna ya ƙi. Mako 3 ina fama, ina cusa yatsa huɗu wuri ɗaya, tsirkiya tana ƙara kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ko ran da ta fita daidai, sai in ji kamar kuskure na yi, in yi maza in saki. A ƙarshe na je na gaya wa malam yatsuna gajeru ne, a ba wani waƙar. Bai yi mini faɗa ba. Sai ya fid da wayarsa ya nuna mini wani ɗan gajeren fim wanda aka ɗauka kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Na ga wani mutum mai ɗan gashin baki yana kaɗa jita, hannunsa yana gudu daga wannan kai zuwa wancan. Malam ya ce in ƙidaya yatsun da ke aiki. Na ƙidaya, na sake ƙidayawa. Biyu ne. Tun daga ran nan na shiga neman labarin mutumin, ga kuwa abin da na samu.

An haifi Jango ran 23 ga watan Janairu 1910 a wani ƙauye mai suna Liberchies, a ƙasar Beljiyam. Sunansa na yanka Jean. Iyayensa mutanen kabilar Roma ne, daga reshen da a ke kira Manush. Kada a haɗa su da birnin Rum na Italiya, gama asalinsu daga ƙasar Indiya ne, sun yi ɗaruruwan shekaru suna yawo cikin ƙasashen Turai. A zamanin nan yawancinsu ba su da gida na gini, sai keken doki mai ɗaki a bisa, a ciki su ke kwana, a ciki su ke haihuwa. Mutanen gari ba su cika son su ba, hukuma kuma ta kan kore su daga wuri zuwa wuri.

Jango ya yi girma a zangon danginsa a bayan tsohuwar ganuwar birnin Faris. Makaranta dai bai zauna ba, har ya girma bai iya karatu sosai ba, rubutun kiɗa kuwa bai taɓa koyonsa ba har ya mutu. Yana da shekara 12 aka ba shi wani abin kiɗa, rabinsa banjo rabinsa jita. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa bisa ƙa'ida. Ya kan tsaya kusa da makaɗa ya zuba wa yatsunsu ido, in ya koma gida ya yi ta gwadawa. Kafin ya kai shekara 15 ya riga ya fara ci da kansa da kiɗa, yana raka masu akodiyan a gidajen rawa na talakawan Faris. A 1928 aka fara ɗaukar kiɗansa a faifan garmaho. Sunansa ya fara tafiya, har wani shugaban makaɗa na Ingila, Jack Hylton, ya zo ya ji shi, ya ce zai ɗauke shi aiki.

Amma kafin ya kama aikin sai ƙaddara ta faɗa masa. Matarsa Bella tana yin furanni na sayarwa da seluloyid, wata irin roba mai kama wuta kamar fetur, keken da su ke kwana kuwa cike ya ke da su. Wani dare wajen ƙarshen 1928 kyandir ya faɗi a kansu, nan da nan ɗakin ya kama. Su biyu suka fita da rai, amma Jango ya ƙone ƙwarai. Ƙafarsa ta dama ta lalace har likitoci suka ce a yanke, shi kuwa ya ƙi. Hannunsa na hagun, wanda makaɗi ke danna tsirkiya da shi, wuta ta cinye bayansa, yatsan zobe da ɗan ƙaramin suka lanƙwashe, ba su ƙara miƙewa ba. Shekararsa 18 a lokacin, matarsa kuma tana da ciki. Kowa ya ɗauka kiɗa ya ƙare masa.

Ya yi wajen wata 18 yana jiyya. Cikin wannan hali ƙanensa Joseph, watau Yusufu, ya kawo masa sabuwar jita. Nan ne abin da ya sa na rubuta wannan labari ya faru. Jango bai tsaya jiran yatsun nan biyu su warke ba, gama ba za su warke ba. Ya duba abin da ya rage masa, watau manuni da na tsakiya da babban yatsa, ya sake koyon jita tun daga farko bisa gwargwadonsu. Makaɗi mai yatsa huɗu ya kan tsai da hannunsa wuri ɗaya, yatsu su yi ta aiki a gicciye. Jango kuwa sai ya riƙa tafiya da hannun duka, sama da ƙasa a tsawon wuyan jitar. Haɗin da mutane ke yi da murya biyar ko shida, shi sai ya zaɓi uku waɗanda suka fi muhimmanci ya bar sauran. Wani lokaci ya kan zagayo da babban yatsa ya danne tsirkiya mai kauri, ƙagaggun yatsun kuma ya kan ɗora su bisa siraran tsirkiyoyi in haɗin ya yarda. Ƙafar da aka ce a yanke, da ita ya tashi, da fari da sanda, daga baya ba sanda.

Wajen 1931 yana yawo a kudancin Faransa, a garin Tulon na bakin teku, ya gamu da wani mai zane da ɗaukar hoto, Émile Savitry. Shi ne ya sa masa fayafayan jaz, kiɗan da baƙaƙen Amurka suka ƙago, ya ji Louis Armstrong da Duke Ellington. A jaz makaɗi ba ya maimaita waƙa yadda aka rubuta ta kaɗai, ya kan ƙago nasa nan take bisa haɗe-haɗen waƙar. Wannan ya dace da mutumin da ba ya karanta takarda amma kunnensa ba ya mantuwa. Daga nan ya ba da ransa ga jaz.

A 1934 yana aiki a wani otal a Faris tare da wani mai gogen Turawa, Stéphane Grappelli. In an ba su hutu su kan koma bayan dandali su yi ta kiɗa don jin daɗin kansu. Daga wannan wasa aka kafa ƙungiyarsu ta mutum biyar, Quintette du Hot Club de France. Jango da Yusufu da Roger Chaput suna kan jita, Grappelli yana kan goge, Louis Vola kuma yana kan babban goge mai kaurin murya. Ba ganga, ba abin busa, abin da ba a saba gani ba a jaz. Jita biyun nan na baya su ne ke aikin ganga. Cikin watan Disamba 1934 suka fara yin fayafayan sayarwa. Jitar da Jango ya fi so ta kamfanin Selmer ce, wadda wani mutumin Italiya, Mario Maccaferri, ya tsara, mai tsirkiyar ƙarfe da ƙara sosai, don a ji ta a babban ɗaki ba tare da lantarki ba.

Kafin shekara 5 sunansu ya game Turai. Manyan makaɗan Amurka in sun zo Faris su kan nemi Jango, a 1937 ya yi faifai tare da Coleman Hawkins da Benny Carter. A shekarar nan kuma shi da Grappelli suka fitar da Minor Swing, wanda har yau masu koyon irin kiɗansa da shi su ke farawa. Yana kuma ƙaunar kiɗan Debussy da Ravel, manyan masu tsara kiɗa na Faransa. Debussy ya yi aiki ƙwarai da haɗin nan mai ƙari wanda ya gagare ni, a kiɗan Jango ma a kan ji shi, da waɗansu 'yan'uwansa masu rataye kunne, yana jan su sama da ƙasa a wuyan jita.

Kada in ɓoye muku halinsa, gama mutum tara ya ke bai cika goma ba. Jango ba shi da riƙon alkawari. A kan tara jama'a a sayar da tikiti, shi kuwa ya tafi kamun kifi ko wasan biliyad, ko ya ƙi tashi daga gado. Kuɗi ba su kwana a hannunsa, caca ta ci da yawa. Grappelli mutum ne mai tsari, ya sha wahala da shi, ko da ya ke shi ne ya taimake shi ya koyi sa hannu a takarda. Wanda ya ke so ya yi koyi da Jango, sai ya zaɓi abin da zai ɗauka.

Da yaƙi ya tashi cikin watan Satumba 1939, ƙungiyar tana Landan. Grappelli ya zauna can, Jango kuwa ya komo Faris. A watan Yuni 1940 sojan Jamus suka shiga birnin. Wannan babban hatsari ne gare shi, gama gwamnatin Hitila ta sa kabilar Roma cikin waɗanda za a hallaka, ta kuwa kashe dubu ɗaruruwa daga cikinsu kafin yaƙi ya ƙare. Jaz ma ba ta son sa. Duk da haka Jango ya ci gaba da kiɗa a fili, ya sa mai busa kilarinet, Hubert Rostaing, a madadin goge. A 1940 ya fitar da Nuages, watau gizagizai, kiɗa mai sanyi wanda mutanen Faris suka riƙe ƙwarai cikin kwanakin baƙin cikinsu. A 1943 ya auri Naguine, wadda suka daɗe tare bayan rabuwarsa da Bella, ya kuma yi ƙoƙarin tserewa zuwa Suwizalan. Karo na fari Jamusawa suka kama shi, amma wani hafsansu mai son jaz ya sake shi. Karo na biyu masu tsaron iyakar Suwizalan suka komo da shi. Haka ya zauna a Faransa har aka ƙare yaƙi, Allah ya kiyaye shi. A 1944 aka haifa masa ɗa, Babik, wanda shi ma ya zama makaɗin jita, kamar wansa Lousson, ɗan Bella.

A farkon 1946 ya sake saduwa da Grappelli a Landan. Wajen ƙarshen shekarar Duke Ellington, wanda ya fara ji a faifai a Tulon, ya kira shi Amurka su zaga tare, har suka yi wasa a babban ɗakin kiɗa na Carnegie a birnin Niyok. Tafiyar ba ta yi masa daɗi yadda ya zata ba. Ya tafi ba jitarsa, yana tsammani za a ba shi wata can da girmamawa, sai ya ƙare da kaɗa ta lantarki wadda bai saba da ita ba. Dare na biyu a Carnegie kuma ya makara. A watan Fabrairu 1947 ya komo gida. Bayan wannan ya ja jiki kaɗan, ya shiga zanen hotuna da fenti. Amma kunnensa bai tsufa ba. Da sabon salon jaz mai suna bibop ya fito, ya koye shi, ya sa wa jitarsa lantarki, ya riƙa kiɗa da samari.

A 1951 ya koma wani ƙauye a bakin kogin Sen, Samois, kusa da garin Fontainebleau, inda ya ke kamun kifi. Ran 16 ga watan Mayu 1953 jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu yana da shekara 43. A Samois aka binne shi, a wannan yanki kuma a kan yi bikin kiɗa da sunansa, wanda aka fara a 1968. Labarinsa bai ƙare da mutuwarsa ba. Wajen 1965 wani saurayi a birnin Bamingam na Ingila, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsa biyu a ma'aikata, ya yi niyyar barin jita. Shugabansa na wurin aiki ya sa masa faifan Jango, ya gaya masa da yatsa nawa a ke kiɗan. Saurayin ya koma ga jitarsa, daga baya ya zama makaɗin ƙungiyar Black Sabbath, wadda duniya ta sani.

To, bari in komo ga nawa. Da na gama kallon fim ɗin, malam ya karɓi jita ya ce in naɗe yatsa biyu, in yi aiki da biyu kaɗai. Ga abin da ya nuna mini, wanda ya ke so ya gwada. A kan ƙidaya tsirkiya daga siririya, ita ce ta 1. Kwantar da manuni bisa tsirkiya ta 2 da ta 3 a gaɓa ta 1. Sa yatsan tsakiya bisa tsirkiya ta 4 a gaɓa ta 2. Kaɗa ukun nan kaɗai. Shi ke nan, ka sami mi da se da do. Sa'an nan ja hannunka yadda ya ke, manuni ya sauka a gaɓa ta 5, za ka ji muryoyin nan uku ne dai, sun sake jeri. Ja kuma zuwa gaɓa ta 9, haka nan ne. Dalili kuwa shi ne rabon nan na 4, 4, 4. Sabo da haka haɗi mai ƙari iri 4 ne kaɗai a jita duka, gama sau 3 cikin 12 ya ba da 4. Abin da na yi mako 3 ina kokawa da shi da yatsa huɗu, ashe biyu sun isa. Da na bi shi da F kuma, sai na ji amsar tambayar ta zo, na daina jinsa kamar kuskure.

Daren nan ban yi barci da wuri ba, yaron nan mai gwangwani ya tsaya mini a rai. Na ga ashe ban ko duba hannunsa ba. Na ga tabon wuta, na yanke masa hukunci, ban ƙidaya abin da ya rage ba. Da Yusufu ya yi wa wansa irin tausayin da na yi, da ya kai masa gwangwani a asibiti.

Da aka sake tura mu gwajin koyarwa bana, na roƙa a mai da ni makarantar nan, aka yarda. Yaron yana aji 6 yanzu. Na kira shi bayan an tashi, na ba shi haƙuri, na miƙa masa jita. Da fari ya ƙi karɓa, yana duban ƙasa. Na nuna masa fim ɗin, na ce ya ƙidaya, ya ƙidaya. Ran fari tsirkiya biyu suka yi magana, ta ukun ta yi shiru. Ran na uku duka suka fita. Ban ce zai zama Jango ba, ni ma ba zan zama ba. Amma yanzu ran Jumma'a in layi ya zo kansa, ya kan karɓi jita kamar kowa.

'Yan'uwana, ba da daɗewa ba za a ba ko wannenmu aji. A ciki za mu tarar da mai in'ina, da mai ji da kunne ɗaya, da bahago, da wanda bai karya kumallo ba. Ina roƙonku, kafin ku tsallake yaro a layi, ku tsaya ku ƙidaya abin da ya ke da shi tukuna. Wanda kuma ya ke so ya ga haɗin nan da idonsa, ina ɗakin kiɗa ko wace Asabar bayan abincin rana, jitar kwaleji tana nan.